Matar da Na Kasa Mayarwa Coci

A ƙauyenmu, can gangaren Jos, mutum ba ya fashin coci a ɓoye. In kika rasa Lahadi ɗaya, za a ce wataƙila baƙi kika yi. In kika rasa ta biyu, to, ki share tsakar gida, domin matan zumunta suna nan tafe. Ana tashi daga sujada za su jero da zanensu iri ɗaya, wata riƙe da tulun kiɗa, wata da caki, su tsaya a ƙofarki suna waƙa sai kin fito. In ciwo ne, su yi miki addu'a, su ɗebo miki ruwa. In faɗa kika yi da wata, a nan za a sasanta ku. In kuwa ƙyuya ce, za su yi ta yi miki tsiya har ki gwammace ki je cocin ki huta. Bin sawu muke ce masa. Uwata ce ke kan gaba a wannan aikin shekara da shekaru, ni kuma na tashi ina zaton haka ake yi duk inda Kirista suke.

A tsakiyar shekarun 1980 na bi mijina London. Karatu ya kawo shi, yana haɗawa da aikin gadi, muna zaune a wani ɗan gidan gwamnati a Deptford. Lahadina ta farko na tashe shi tun da sassafe, na ce mu yi sauri kada mu rasa wurin zama. Ai ƙasar da 'yan mishan suka fito ce, a tunanina sai an yi turereniya a bakin ƙofa. Ya dube ni ya yi murmushi kawai, abin da har yau nake riƙe da shi.

Cocin ginin dutse ne, tsawonsa ya isa ya haɗiye namu na gida sau huɗu. Muka shiga, na tarar da tsofaffi ba su kai ashirin ba, kowa ya kama bencinsa shi kaɗai kamar masu gaba da juna. Na raɗa wa mijina, “Mun makara ne, an tashi?” Ya ce, “Sujadar ke nan, zauna.” Na zauna cikin 'yar rigata da zane, haƙorana suna kaɗawa, domin sanyin cikin ginin ya fi na waje.

Akwai wata tsohuwa Baturiya da ke raba littafin waƙoƙi a bakin ƙofa, ita ce kuma ke jera furanni a bagade. Siririya ce, kullum da hula a kanta, tsaf-tsaf, bakinta kuwa kamar reza. Ta dube ni sama da ƙasa ba ta ko yi murmushi ba. Da Lahadi ta zagayo sai ta miƙo mini leda da babbar rigar sanyi a ciki, ta ce in saka, kaɗawar haƙorana ta hana ta jin wa'azi. Daga ranar ta matsa mini wuri a bencinta. Ita ke sa yatsa ta nuna mini inda ake a littafi. Ita ta kai ni aka rubuta sunana wurin likita, ta koya mini wace bas ke zuwa Peckham inda zan sami manja da busasshen kifi. Da na zo haihuwar ɗana na fari, mijina yana bakin aiki, ita ta zauna da ni a asibiti yini guda, tana faɗa da ma'aikata a kaina. Na soma kiran ta Mama. Ta ce ita ba uwata ba ce, in daina. Ban daina ba, ita ma ba ta daina amsawa ba.

Da na ɗan waye da gari, sai na lura 'yan kaɗan ɗin ma raguwa suke yi. Mutum zai ɓace, a ci gaba da sujada kamar ba a taɓa yin sa ba. Abin ya ci mini rai. Na ce wa kaina, ashe abin da ya kashe cocin nan ke nan, babu mai bin sawu. Ni kuwa 'yar uwata ce. Na shiga tambayar gidajen mutane, ana tashi daga coci in goya ɗana in kama hanya.

Na sha tsayuwa a bakin ƙofofi. Wani na same shi yana wanke mota, ya ce kwana shida yake aiki, Lahadi ce kaɗai yake ganin 'ya'yansa da rana. Wata 'ya'yanta sun ƙaura daga birni, duk Lahadi jirgin ƙasa take hawa ta je ganin jikoki. Wani dattijo ya ce lokacin da aikin bakin kogi ya mutu, shi da abokansa suka zauna a gida, ba wanda ya leƙo daga coci, don haka yanzu ma a bar shi. Daga baya, da kantuna suka soma buɗewa ranar Lahadi, wata yarinya mai daɗin murya ta sami aiki a ɗaya, mawaƙanmu suka koma mutum biyu. Wadda ta fi tsaya mini a rai wata mata ce da ta ce ita ba abin da ya faru. Mura ta hana ta zuwa mako ɗaya, na biyu aka yi ruwa, na uku ta ga barcin safe da daɗi, ba kuma wanda ya tambaya. Wannan ya ƙara mini ƙarfi, na ce ai ga maganata. Abin da ban lura da shi ba, a cikinsu duka babu wanda ya ce in shigo in zauna, babu kuma wanda ya dawo.

Fastonmu mutum ne mai sanyin hali. Ya kira ni gefe, ya yi ta kewaye-kewaye, har na ɗauka yabona yake yi. Sai a gida mijina ya fassara mini. Ya ce, “An yi complain a kanki, shi yake gaya miki. A nan ba a zuwa gidan mutum sai an yi appointment.” Na ce, “Appointment don in gaida Kirista ɗan'uwana?” Ya ce, “Ko uwarsa ce sai ta buga waya.” Na yi tsaki, amma na haƙura.

A farkon shekarun 1990 wasu mata uku 'yan wajenmu suka soma zuwa cocin, muka kafa 'yar zumuntarmu. Ɗaya har ta zo da tulun kiɗa daga gida, a cinyarta ta riƙe shi cikin jirgi. A wannan lokacin ne Mama ta daina zuwa.

Lahadi ta farko na ce ƙafa ce, don ta daɗe tana fama da gwiwa. Ta biyu na ga wata daban tana jera furanni. Ta uku na tare fasto. Ya ce ya yi magana da ita, lafiyarta ƙalau, ta dai ce a ƙyale ta. A ƙyale ta! Kowa na iya ƙyalewa, ban da Mama. Tsoro ne ya kama ni, zan faɗa ba kunya. Matar nan ta haura saba'in, ina ganin in mutuwa ta same ta a wajen ikilisiya, ni za a tambaya, ni da na ci alherinta. Kuma ban san yadda zan zauna a bencin nan babu ita ba.

Na tara matan zumunta na ce mu yi mata irin na gida, cikakke. Na kwana da shirin gwate, na cika tukunya. Ana tashi daga sujada muka ɗaura zanenmu iri ɗaya, mu huɗu, muka hau bene na huɗu inda take. Irin dogon ginin nan ne da ƙofofi ke jere a baranda ɗaya. Muka tsaya, aka buga tulu, na ɗaga murya. Na yi waƙar da gaske, da dukan zuciyata, ina jin uwata ma da ta gan ni da ta yi alfahari.

Labule ya soma motsi a tagogi. Maƙwabta suka buɗe ƙofa, wasu suka leƙo daga benen sama. Mun kai baiti na uku kafin ƙofar Mama ta buɗe.

Ban taɓa ganin ta ba hula ba sai ranar. Tana cikin tsohuwar rigar barci, gashinta a hargitse, bakinta ya lotsa don ba ta saka haƙoranta ba. Ta fito ne a firgice, ta ɗauka wani abu ya faru. Ta dube mu, ta dubi maƙwabtan da ta shekara talatin ba su taɓa ganin ta haka ba. Kiɗan ya mutu da kansa. Ba ta ɗaga murya ba. Ni kaɗai ta kalla ta ce, “Kin gama?” Ta ce, “To, ku tafi.” Ta rufe ƙofa a hankali. Muka sauko da tukunyarmu yadda muka hau da ita.

Maƙwabciyata, wata Musulma 'yar Ghana mai sayar da atamfa a kasuwar Deptford, ita na ba gwaten, na ba ta labari. Ta yi dariya har da hawaye. Da Hausarsu ta zango ta ce, “Ke ma dai, sister. Tsohuwa ya rufe ƙofa yana hutawa, kin kai shi ganga? Ko police bai kira ba, ki gode Allah.” Ni dariyar ba ta zo mini ba. Na san abin da na yi. A wurinmu in aka tara miki jama'a a ƙofa, an nuna ke mai mutane ce. Ita kuwa tsirara na yi mata a gaban unguwa.

Wata huɗu ban je wurin Mama ba. Kunya ta hana ni, haushi ma yana ciki, don wani lokacin nakan ce ai alheri na kai mata. Sai wata Laraba, na tashi daga aikin shara da nake yi a ofisoshi da safe, na ga ƙafata ta nufi gidanta. Ba zanen zumunta, ba tukunya. Na ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ta buɗe, ta leƙa bayana ta ga ba kowa, ta ce, “Goge ƙafarki.”

Ta dafa shayi. Na soma ba da haƙuri, ta ɗaga hannu ta ce ta ji, ya isa. Sai ta ce tunda na fi kowa naci, za ta gaya mini, amma sau ɗaya tak. Tana da ɗa guda, ya rasu yana saurayi, tun kafin in zo ƙasar. Ta yi addu'a a kansa har muryarta ta dushe. Bayan an binne shi ta ci gaba da yi, ta ce kamar mai magana a wayar da aka yanke. Ta ci gaba da zuwa coci don mijinta ne ke kaɗa ƙararrawa. Da shi ma ya rasu, ta ci gaba don ba mai kula da furanni. “Shekara ashirin ina motsa baki,” in ji ta. “Ban gaskata ko kalma ɗaya ba. Yanzu gwiwata ta gaji, ni ma na tsufa da yin ƙarya.”

Na yi zaton zan ji an ɓata mata rai ne, ko kiɗanmu ya dame ta, abin da za a iya gyarawa. Na ce, “Mama, ke fa? Duk cocin nan ba wanda ya nuna mini halin Kirista kamarki.” Ta ce, “Sanyi kike ji na ba ki riga. Ba sai an yi wa'azi a kai ba.”

Sannan ta kafa mini sharaɗi. Ta ce ƙofarta a buɗe take gare ni, in zo da yara ma, tana kewarsu. Amma ranar da na zo don in ja ta coci, ko in yi mata wa'azi, ko in yi addu'a a kanta, ranar ce ta ƙarshe. Ta ce in je in yi tunani.

Na yi tunanin kuwa, mako guda ina juyi. In na yarda, na ga kamar na sayar da ranta don in riƙe zumuncinta. In na ƙi, na rasa ta gaba ɗaya, ita kuma ta zauna ita kaɗai a bene na huɗu. Mijina ya ce, “Ke ba Ruhu Mai Tsarki ba ce, ki je ki sha tea ɗinki.” Na ji haushin maganar don gaskiya ce. Laraba ta zagayo, na je.

Haka muka shekara shida. Kowace Laraba in yi mata cefane, in wanke mata gashi, mu sha shayi tana zagin gwamnati da farashin gawayi na zamanin da. Takan tambaye ni wa ya zo coci, wa ya mutu, ko mai jera furannin nan har yanzu tana cusa su kamar tsintsiya. Nakan ba ta amsa in tsaya nan. Sau da yawa magana takan zo mini har bakin leɓe, in haɗiye ta da shayi. Ni da aka sani da baki, a ɗakin nan na koyi yin shiru.

Amma ni ma ban cika mutuniyar kirki ba, na nemi wayo. In na yi mata sallama ta rufe ƙofa, sai in taka zuwa kan matattakala, nan kusa da ɗakinta, in ajiye jaka, in yi mata addu'a da Hausa ƙasa-ƙasa. Na ce wa kaina ai matattakala ta gwamnati ce, ba gidanta ba. Ban taɓa fashi ba. Duk da haka kullum gabana na faɗuwa, domin na san Mama, in ta ce ranar ƙarshe, ta ƙarshen ce.

Cikin shekarun nan cocinmu ya ƙara sirancewa, har aka haɗa mu da wani, fasto ɗaya yana zagaya biyu. Ɗana na fari, wanda Mama ta fara ɗauka a asibiti, ya kai shekara goma sha biyu ya soma noƙewa. In ce masa, “Tashi ka shirya,” ya amsa mini da Turanci, “Mum, it's boring.” Da a ce ni ce ta da, da na tara masa duniya, na kira fasto da dangi har na waya daga gida. Sai na tuna fuskar tsohuwar nan a bakin ƙofa. Na yi masa faɗa daidai gwargwado, na bar sauran. Yau babban mutum ne, zuwansa coci sai Kirsimeti, abin yana mini ciwo ba zan ɓoye ba. Amma duk Lahadi da rana yana kan teburina yana cin tuwo, yana gaya mini abin da ke ransa. Na san 'yan wajenmu da yawa da suka yi nasarar jan 'ya'yansu coci da ƙarfi, yanzu ko waya ba sa samu. Wannan Mama ce ta yi mini, ba ta kuma san ta yi ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ƙarfinta ya ƙare, sai da ƙarfen dogarawa take takawa. Wata Laraba da la'asar na yi mata sallama, na je wurina na kullum, na rufe ido na soma. Ban yi nisa ba na ji ƙarar ƙarfen nan a kan siminti. Na buɗe ido, ga ta tsaye a baranda tana kallona.

Na ce shi ke nan, yau na rasa ta. Na soma neman ƙaryar da zan yi, na rasa.

Ta ce, “Bangon kicin ɗina ne wannan da kike jingina a kai. Siriri ne. Shekara shida ina jin ki kina ƙugi kamar ƙudan zuma.”

Na ce, “Mama, ki yafe mini. Ba a gidanki nake yi ba.”

Ta ce, “Na sani. Kin fi lauya wayo.” Ta mayar da numfashi. “Me kike cewa?”

Na ce, “Ina cewa a kula da ke. Ina kuma godiya da aka ba ni ke.”

“Shi ke nan? Duk tsawon nan?”

“Ina maimaitawa ne.”

Ta dubi matattakalar, ta yamutsa fuska. Ta ce, “Wurin nan warin fitsari yake yi. Bai dace a yi magana da kowa a nan ba, balle wanda kike cewa kina magana da shi. Shigo ki ƙarasa a ciki.” Na ɗauki jakata na bi ta. Muna shiga ta juyo ta ce, “Kada ki sa rai. Ba zan koma ba, ba kuma zan ce amin ba.”

Ba ta koma ɗin ba, har ta bar duniya. Ban san abin da ke tsakaninta da Mahaliccinta ba, na daina ɗora wa kaina sanin. Abin da na sani, ranar na zauna a kujerar kicin ɗinta, na kama hannunta, na yi addu'ata da Hausa da cikakkiyar murya, hawaye na zuba. Ita kuwa idonta a buɗe, tana kallona. Da na gama na ce amin ni kaɗai. Na yunƙura zan saki hannunta, sai na ji ta ƙara damƙe nawa.